Sai Wuyanta Ya Kwanta

Bana azumi ya faɗo mana a tsakiyar bazara, irin zafin da ko kare ba ya yarda ya ƙetare titi da azahar. Ranar ashirin da bakwai ga wata ina tsugune bakin fangalina, can fadama kan hanyar Augie, ina duba albasa. Kwana huɗu ke nan da na yanke mata ruwa. Lawashi ya fara bushewa daga sama, kai ya tsage ƙasa ya fito ja wur, amma wuya na nan tsaye ƙyam. Wanda bai san albasa ba zai ce ta yi. Mu da muka tashi cikinta mun san sai wuyan ya yi laushi ya kwanta da kansa. In ka cire ta da wuya tsaye, ko rudun da kake ajiye ta ya fi na kowa shan iska, kafin wata guda ta ruɓe ta bar ka da wari.

Sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Murtala ne, ɗan ƙanena marigayi Nomau, wanda na riƙa tun yana shekara tara. Karatu yake a Sudan, shekararsa ta huɗu. Kwanaki ke nan rediyo ba ta da zance sai na faɗan da ya tashi can, ni kuwa barci ya ƙaurace mini.

"Baba, ina wuni? Ya ibada?"

"Bar zancen ibada. Ka hau mota?"

"Baba, kwantar da hankalinka. Garinmu lahiya lau, abin can babban birni ne. Jarrabawa ɗaya ta rage man. Kwana goma kawai."

Na miƙe ina zazzaga masa masifa, har wani manomi da ke can nesa ya ɗago yana kallona. Na ce ya tattara komatsansa yau ɗin nan, takardar banza takardar wofi. Yaron nan ya bari na gama tsaf, sannan ya ce cikin ladabi, "Baba, ai kai ka koya man ba a barin aiki rabi." Layi ya yanke.

Kwana goma. Na koma na zauna daɓas a kan kunyar fangali. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurina. Ni na fara faɗinta, a bakin wani fangalin, kuma ita ta kashe uban yaron nan.

Shekara shida muka yi a Libiya, ni da Nomau. Ruwa ya ci mana shinkafa shekara biyu a jere, na ce ni kam na gaji, zan bi masu tafiya arewa. Nomau ya ce ƙafata ƙafarsa. Ya bar matarsa da Murtala wurin Inna a Argungu, muka ƙetare hamada. Muka samu aiki a gonar wani tsohon Balarabe da muke kira Haji, bayan wani ƙaramin gari. Rijiyar burtsatse ce da inji, sai bututan ƙarfe da ake jerawa cikin tumatir da kankana da ciyawar tumaki. Kullum sai an kwance bututan nan an mayar da su wani layi. Nomau ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ke saɓa su biyu biyu a kafaɗar dama, har wurin ya yi baƙar kanta kamar gwiwar raƙumi.

Na ukunmu shi ne Bulus. Iyayensa daga ƙasar Filato suka zo, amma a Birnin Kebbi aka haife shi, in yana Hausa sai ka rantse Bakabe ne. Bakanike ne, shi ke gyaran injinan gonakin yankin duka, Injiniya muke ce masa. Ɗaki ɗaya muke kwana. In mun tashi sallar asuba shi ke ɗora shayi, yana mita wai mun hana bawan Allah barci.

Abin da ya fi ci mini rai a ƙasar nan ba sanyi ba ne, ko da yake sanyinsu na sa yatsu su ƙage har ka kasa ɓalle maɓalli. Ba makaroni da burodin da muke ci safe da yamma ba ne, har Nomau kan yi mafarkin tuwon shinkafa da miyar kifi ya tashi yana ba mu labari. Albasarsu ce. Wata fara fat, ruwa tsalla, ka yanka buhu guda idonka bai san ana yi ba. Wata rana na ce wa Haji wannan ba albasa ba ce, ya bari ya ga tamu. Tsoho ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ce albasar baƙar ƙasa ba ta yi a yashi. Wallahi dariyar nan ta tsaya mini a maƙogwaro shekara da shekaru.

A shekara ta shida Bulus ya je gida ya komo. Ya fito da wani ƙullin tsumma daga cikin jakarsa ya miƙa mini. Irin albasa ne, sabo, baƙi ƙirin, na gonarmu. Ya ce, "Inna ta ce in gaya muku, wanga iri shi ne na ƙarshe. Ku shuka, ku cire, ku komo. Ta ce tare kunka tahi, tare za ku komo, kar ɗaya ya shigo mata gida babu ɗaya."

Haji ya ba ni wani gefe a ƙarshen gona, yana murmushin mugunta. Na yi fangali arba'in da hannuna, irin namu na gida, ba layin Larabawa ba. Na kwashe takin tumaki na shekara uku na zuba. Muka yafa iri, muka rufe da ciyawa, muna ba shi ruwa da gwangwani mai huji kamar masu renon jariri. Da ya kai tsawon yatsa muka yi dashe, ni da Nomau, a tsugune tun fitowar rana har bayanmu ya ƙi miƙewa. Aikin Haji da safe, namu da yamma. Ciyawa ba ta kwana biyu a fangalin nan. Da sanyi ya fara ja baya, lawashi ya tashi kore shar har gwiwa, ƙamshinsa na dukan hanci tun daga bakin rijiya. Haji ya daina dariya. Ya kan zo ya tsaya da sandarsa, ya tona gindin ɗaya da yatsa, ya mayar da ƙasa, ya tafi.

Ana cikin haka ƙasar ta kama da wuta.

Da farko a rediyo muke ji, sai ya zama muna jin rugugi daga nesa kamar hadarin da ba ya zuwa. Aka tare hanyar gari. Mai burodi ya daina zuwa, makaroni ya ƙare, shayi ya koma ruwan zafi da suna. Muka koma cin sha'ir ɗin tumaki, mu daka shi cikin gwangwani mu dama. Da yunwa ta yi yunwa Nomau ya ce mu riƙa tsinkar lawashi muna dafawa da gishiri. Kai, na yi tsalle na dire! Na ce wanda ya taɓa mini lawashi yanzu ya ƙwace wa kai abincinsa. Sai daga fangali biyu na gefe na yarda a tsinka, su ma ganye ɗaya ɗaya. Ga wata iska mai zafi da suke kira gibli, tana tasowa daga kudu ta busar da leɓe har ya tsage, yashi a cikin kunu, yashi a cikin ido.

Sannan magana ta fara yawo cewa duk baƙar fata sojan haya ne, an kawo su su kashe 'yan ƙasa. A gonar da ke maƙwabtaka da mu akwai wasu 'yan Gana huɗu. Wata safiya Nomau ya je aron gishiri, ya komo yana amai. Ya tarar da biyu a cikin kwatar ruwa an ɗaure musu hannu ta baya da tiyo, ƙudaje sun rufe fuskokinsu. Sauran biyun babu wanda ya sake ganinsu. Ranar ko kunun bai sha ba.

Man inji ya ƙare a makon nan. Kun san abin da na ce? Na ce, "Kun gani? Daidai lokacin yanke mata ruwa. Allah ne ya yi mana lissahi." Bulus ya dube ni kamar ya ga mahaukaci, kuma mahaukacin ya gani.

Kwana biyu bayan haka ya shigo gona da gudu da hantsi, rigarsa jiƙe da gumi. Ya ce akwai wata gingimari da za ta yi kudu bayan azahar, ya taɓa gyara wa direban inji, ya ba shi wuri uku. Uku cif. Ya ce bayan wannan babu wata, direban da kansa ya rantse ba zai sake komowa ba.

Nomau ya shiga ɗaki ya fito da jakarsa a hannu. Ni kuwa na nufi fangali. Na kama wuyan ɗaya na murza, na kama na wata. Tauri kamar kara.

"Ba ta kwanta ba," na ce.

"Arzika," in ji Bulus, "kai, Arzika! Mutane anka yanka nan kusa da kai, kana man zancen wuyan albasa?"

"Kwana goma kawai, Injiniya. In na cire ta yanzu ruɓewa za ta yi. In na bar ta, wa ya san hannunta? Wata biyar muna wahala."

"To ka cire ta ka kai ta ina? A kai za ka ɗauke ta ka ƙetare hamada?"

Ba sayarwa nake tunani ba, ba ci ba. So nake kawai in ga ta kwanta, in cire ta yadda ubana ya koya mini, in shanya, in ɗauki mafi girma in sa a hannun tsohon nan in ga hawaye ya zubo masa. Shi ke nan abin da na tsaya wa.

Na ce wa Nomau, "Kai bi shi. In na gama ina tahe."

Ya daɗe yana kallon jakar hannunsa. Sannan ya ce, "Yaya, ka ji abin da Inna ta ce. Da wane ido zan shiga gida ni kaɗai?" Ya juya ya mayar da jakar ɗaki.

Bulus ya zage ni tas, zagin da bai taɓa yi mini ba, ya kama wuyan rigata ya jijjiga ni har maɓalli ya tsinke. Ya roƙi Nomau, har da durƙusawa. Da ya ga rana na tafiya sai ya zazzage dabinon da ke aljihunsa a kan tabarma, ya fita yana kuka kamar mace.

Kwana shida muka ƙara. Kowace safiya in bi fangali ina murza wuya, Nomau na biye da ni. Bai taɓa ce mini ga abin da ka jawo mana ba, ko sau ɗaya. A rana ta biyar wasu suka fara laushi, na kira shi da murna na nuna masa. Ya ce, "Madalla, Yaya."

Ranar ta shida da hantsi muka ji motoci. A-kori-kura biyu ne, da manyan bindigogi a baya, cike da samari, wasu gemu bai ma fito musu ba. Babu inda za mu gudu, fili ne fetal. Suka diro suna ihu suna harbi sama. Wani ya buga mini gindin bindiga a baki, na ji haƙorana biyu sun faɗa kan harshena. Suka ja mu har bakin fangali, suka durƙusar da mu, hannu a ka. Ina ce musu da Larabcina na gona mu manoma ne, ga gona, ga Haji can cikin gida ku tambaye shi. Wani ya shafa tsagen fuskata da bakin bindiga ya ce ga alamar rundunarsu nan. Tsagen Kabawa fa, wanda wanzami ya yi mini ina ɗan kwana bakwai!

Suka yage mana riguna. Da suka ga kantar kafaɗar Nomau sai ihu ya tashi, wai ga shaidar gindin bindiga, wannan ya daɗe yana harbi. Nomau bai iya Larabci sosai ba, sai nuna bututan ƙarfe yake da haɓa, yana cewa, "Ga su can, ga su can." Ɗaya ya je ya ɗauko guntun bututun. Da shi suka dake shi. Suna dukan baya, suna dukan haƙarƙari, ina jin ƙarar ƙarfe a kan ƙashi. Na kai hannu in tare, aka sauke mini shi a damtse, hannun ya karye nan take ya yi lilo. Nomau ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, jini na fita ta kunnensa, amma bai daina salati ba.

Sai suka gaji. Wallahi sun gaji, babbansu har ya ce su tafi, akwai wata gona gaba. Suka bar mu durƙushe, suka ce wanda ya motsa ya mutu. Suka hau motoci. Da mun tsira.

Direban ta biyu ya ga juyawa ta yi masa nisa, sai ya karya kan mota ya faɗa cikin fangalina.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rantse da Allah ban sani ba. Na ga taya na murƙushe albasa, ruwanta na fallatsa, sai jikina ya tashi da kansa, na ɗaga hannun da ya rage ina daka tsawa, "Kai! Kai! Hita!" Yadda ake yi wa saniya in ta shiga gona. Motar yaƙi fa, ni ɗan banza, nake kora kamar saniya.

Yaron da ke baya ya juyo da bindiga. Nomau ya zabura daga ƙasa, da karyayyen haƙarƙarinsa, ya rungume ni ta gaba don ya kayar da ni. Na ji ƙara uku. Na ji jikinsa ya buga nawa sau uku. Muka faɗi tare cikin lawashi, shi a sama. Motocin suka bi ta kan sauran fangalin suka fice, ƙura ta bi su.

Na mirgina shi a hankali. Bayansa duk ya buɗe, jini na shiga busasshiyar ƙasar nan tana shanyewa nan da nan. Idonsa biyu. Ya juya kai ya dubi inda tayoyi suka bi, lawashi duk ya baje a ƙasa, layi layi.

"Yaya," ya ce, "ta kwanta. Mu tahi gida."

Bai ƙara wata magana ba.

Haji ya fito daga inda ya ɓuya. Ya cire farin mayafinsa, da shi muka yi wa Nomau sutura. Ni da hannu ɗaya, shi da tsufa, muka haƙa kabari a ƙarshen fangali, don nan ne kaɗai ƙasa ke da laushi. Warin albasa da na jini suka haɗu suka cika wurin, idanunmu na zuba. Na samu hawayen da na nema a idon tsohon nan. Ya ɗaure mini hannu da tsinken itace, washegari ya ɓoye ni ƙarƙashin ciyawar tumaki a motarsa ya yi kudu da ni har inda mai ya kai shi. Sauran tafiyar ba na son tuna ta. Ƙishirwa, zazzaɓi, da mutanen da muka bari a yashi. Ta Agadas na biyo, na faɗo ta Dogon Dutsi, na shigo Argungu ana gab da saukar damina.

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa. Ta ɗago ta gan ni, ba ta dubi fuskata ba, bayana ta leƙa. Ta daɗe tana leƙe. Sannan ta kife faifan.

Ranar uku ana zaman makoki, zaure cike da mutane, Bulus ma ya zo daga Birnin Kebbi yana zaune a gefe. Inna ta sa aka kira ni bakin ƙofa. Ta ce, yadda kowa zai ji, "Bulus ya iso tun wata guda da ya wuce. Mi ya hana ku biyo shi?"

Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Wuri ɗaya ya samu a mota, Inna."

Kowa ya juya ya dubi Bulus. Shi kuwa ni ya duba, kallo ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai. Bai ce komai ba, ranar ko bayanta. Magana ta bazu cewa ya samu hanya ya tsere ya bar abokan cin tuwonsa. Manoman Argungu da yawa suka daina kai masa inji. Inna ta rasu ba ta sake amsa gaisuwarsa ba. Murtala ya girma in ya hango shi sai ya sauya hanya. Ni kuwa na riƙe yaron, na yi masa duk abin da uba ke yi, yana ce mini Baba, ina amsawa.

Wannan duka shi ya taso mini ranar, a bakin fangali, da waya a hannu. Ban koma gida ba. Na bar babur a tashar Argungu na hau mota zuwa Birnin Kebbi da bakin azumi, maƙogwarona kamar an zuba toka.

Na tarar da Bulus a rumfarsa, cikin injinan ban-ruwa na mutanen Zauro, kansa ya yi fari fat. Da ya gan ni sai ya tura gorar ruwansa bayan benci da ƙafa. Shekara da shekaru muna gaisawa sama sama, ban taɓa zama a rumfar nan ba. Na zauna. Na gaya masa abin da Murtala ya ce.

"Kwana nawa?" ya tambaya.

"Goma."

Ya ajiye sifana. "Jinin gidanku ne, Arzika. Tsawa ba ta tashe ku. Ni na gwada."

"To mi zan yi, Injiniya?"

"Ka san abin da za ka yi. Shi ya kawo ka nan."

Na ce in na faɗa wa Murtala gaskiya na rasa shi. Ya ce in ban faɗa ba ma na rasa shi, kuma wannan karon ko kabarin ba zan gani ba. Na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, me ya sa bai tona ni ba a zauren nan. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Tsohuwa ta rasa ɗa guda. In na yi magana ta rasa biyu."

Sau tara muna kira kafin ta shiga, bayan la'asar. Bulus ne ya riƙe mini wayar a kunne. Na ce, "Murtala, kar ka katse ni. Wuri uku Bulus ya samo mana. Ni na ƙi. Albasa na tsaya jira, kwana goma na ce, yadda ka ce. Ubanka ya ɗauko jakarsa, saboda ni ya mayar. Harsashin da ya kashe shi ni anka harba ma." Na gaya masa har tsawar da na daka wa mota, har maganar ƙarshe ta ubansa. Ban rage komai ba.

Can ina jin numfashinsa, da wani rugugi nesa a bayansa, irin wanda na sani.

"Shina nan kusa?" ya ce.

"Wa?"

"Baba Bulus. Ba shi wayar."

Bulus ya kara a kunnensa. Ina jin muryar yaron ƙasa ƙasa. Abu ɗaya ya tambaya: "Baba Bulus, in mutum zai hita, mi ya kamata ya ɗauka?" Bulus ya share ido da bayan hannu mai baƙin mai, ya ce ruwa, ɗana, ruwa da dabino, ka bar akwati, kuma motar farko da ka gani ita ce taka.

Bayan sallah da kwanaki Murtala ya iso, ya rame ya yi baƙi, da 'yar jaka ɗaya a kafaɗa. Mun ji daga baya cewa faɗan ya isa garin nasu tun kafin ranar jarrabawar. Mu biyu muka tarye shi a tashar Birnin Kebbi. Ya sauko, ya wuce ni, ya durƙusa har ƙasa gaban Bulus a cikin mutane, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Sannan ya miƙe ya dube ni ya ce, "Sannu."

Albasata ta bana ta kwanta da kanta ina can ina zarya tsakanin Argungu da rumfar Bulus, rana ta ƙone rabi kafin in je. Ko a jikina. Yau wata biyu Murtala bai ce mini Baba ba. In na shigo zaure ya fita, abincinsa a ɗaki yake ci. Shekaranjiya kaɗai ya tsaya a bayana ina alwala, ya tambaye ni ta wane gefen fangali kabarin yake. Na ce ta gabas, kusa da rijiya. Ya juya ya tafi.

Abin na ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma fushin nan a Argungu yake yin sa, a tsakar gidanmu, inda nake jin ƙarar butarsa kowace asuba.